Ranar da Baba Ya Taka Segovia

Córdoba, Unguwar San Basilio,
ƙarshen watan Yuni.

Zuwa ga yayana Eulogio,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nélida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku daga sanyin da na ji an ce ya sauko muku can ƙetaren teku a Rosario. Mu kam nan zafi ne yake neman gasa mu da rai, da rana ta take ko kare ba ka gani a lungu. Duk muna lafiya. Maigidana Baldomero yana nan da gwiwarsa da ƙorafinsa, 'yarmu Estrella ta gama jarrabawa ta koma barci kamar wadda aka biya ta yi. Furannin Mama na jikin bangon tsakar gida sun yi kyau bana, har maƙwabta suna leƙowa, ko da yake kafaɗata ta gaya mini, domin har yanzu da gwangwanin nan nata na kan doguwar gora nake ba su ruwa tukunya bayan tukunya.

Yaya, dalilin wannan takarda shi ne faɗan da ka yi mini a waya. Ka ce wane irin rashin hankali ne zai sa in ɗauki tsoho mai ciwon ido in yi ta yawo da shi gari-gari cikin wannan zafi. Na yi shiru, kai kuma ka san bakina, ka san ba amsa na rasa ba. Baba ne yake zaune kusa da ni, kunnensa kuwa bai tsufa ba ko kaɗan. Abin da ban iya faɗa maka a gabansa ba shi ne, idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana rufewa. Likita ta ja ni gefe ta ce kafin sanyi ya shigo, iyakarsa ya bambance dare da rana. Duk abin da Baba zai gani a duniya, a cikin 'yan watannin nan zai gan shi. Ka riƙe wannan a ranka, sannan ka karanta sauran.

Ka san labarin rantsuwarsa, amma bari in maimaita, domin kai a bakinsa ka ji, ni kuwa a bakin Mama, kuma ba ɗaya ba ne. Yana saurayi yana aikin gini a Madrid, ita tana aiki a ɗakin cin abincin da leburori ke zuwa. Da suka daidaita, ya ari kwat, ya yi aski, ya tafi tashar jirgin ƙasa zai je Segovia, garin su Mama, neman aure. Sai ga Inna Henar, ƙanwar Mama, tana 'yar budurwa a lokacin, ta sauko daga jirgin da saƙon Kaka Frutos. Wai kada ya wahalar da kansa, ba zai ba da 'yarsa ga ɗan kudu mai liƙa duwatsu da laka ba, su a garinsu dutse da kansa yake tsayuwa. Mama ta ce nan take Baba ya tuɓe kwat ɗin ya rataya a kafaɗa, ya rantse ƙafarsa ba za ta taka Segovia ba har ya mutu. A nan Córdoba aka ɗaura auren, ba tare da uban amarya ba. Mu Mama ta riƙa kai mu can hutu, shi yana raka mu tasha ya juyo.

Daga nan ne gardamar nan ta samo asali, wadda muka tashi a cikinta kamar yadda muka tashi da burodi da man zaitun. Ka tuna yadda Mama take ajiye kwanon miyar tumatir mai sanyi a tebur, ta ce cikin muryar wadda ba ta neman rigima, a garinsu akwai gadar da aka gina don kai ruwa cikin gari tun zamanin Rumawa, tsayinta ya fi hasumiyar cocin unguwarmu, kuma babu ko cokali ɗaya na kwaɓi a jikinta. Baba ya buga tebur ya ce, "Fuencisla, ni magini ne ɗan magini, babu ginin da ke tsayawa ba kwaɓi. A ciki suka ɓoye shi!" Ta ce to ya je ya gani mana. Ya ce da wace ƙafar? Ta yi dariya ta ƙara masa miya. Mun kawo masa hotuna, ya ce hoto ba ya shiga tsakanin dutse da dutse. An nuna a talabijin, ya ce masu talabijin ba su taɓa riƙe cokalin gini ba. Abin da ba ka sani ba, a asibiti, ana gobe za ta rasu, ta kama babban yatsansa, mai kaurin farcen nan da yake sosa kowane bango da shi don ya ji irin kwaɓin da aka yi, ta ce, "Acisclo, ka sosa bangon kowa a ƙasar nan, ka kai farcen nan garinmu." Ya ce ta bari ta warke tukuna su ƙarasa gardamar. Ina tsaye a wurin, kuma tun ranar maganar take cina.

Na yi masa zancen tafiyar ya fi a ƙirga, kullum amsarsa ɗaya ce, namiji ba ya rantsuwa biyu. Abin da ya karya shi ba bakina ba ne, Masallacinmu ne, wanda ya zama babban cocin gari. Wata Lahadi da safe muka je addu'a kamar kullum, muka ratsa farfajiyar itatuwan lemo muka shiga cikin sanyin nan mai ƙanshin tsohon dutse. Ya tsaya a jikin ginshiƙin da ya saba tsayawa, ya ɗan jima, sai ya ce, "Araceli, wa ya kashe fitilun can ƙarshe?" Yaya, babu wanda ya kashe komai. Bakunan ginin nan masu ja da fari, lanƙwasassu kamar bakan gizo, wani a kan wani, suna nan jere sun miƙe har inda ido ke gajiya, shi ne ya daina ganinsu sai na kusa da shi. Ni da aka yi mini baftisma a wurin, na kuma ratsa shi da kwandon cefane don kawai in sha inuwa, ran nan ne na ɗaga kai na dube shi da gaske, domin ina duba mana mu biyu. Mutanen da suka tsayar da wannan dajin ginshiƙai sun yi salla a nan, sun mutu, jikokinsu sun watse a duniya, mu kuma mun zo mun gina coci a tsakiyarsa, har yau Masallaci muke ce masa, kuma bai sunkuya ba. Na kai Baba gaban mihrabi, ya kusanto da fuskarsa iyakar inda aka yarda, ya ce yana ganin zinariyar tana motsi kamar ruwa a rijiya, amma rubutun ya ɓace masa.

Da muka fito ya zauna a gindin wani lemo, hularsa a gwiwa, har aka buga ƙararrawa. Can sai ya ce in gaya wa mijina ya duba tayoyin motarsa. Cikin murna na ce Segovia? Ya harare ni da idon da ya rage ya ce, "Toledo za ni. Toledo ba ta cikin rantsuwa." Na ce to. Baldomero da ya ji, ya ce surukinsa ya fi alfadari taurin kai, amma alfadari ma in ya kama hanyar arewa ba a tambayarsa inda zai tsaya. Na sa kayan sanyi a jaka a ɓoye, na kira Inna Henar na ce ta zauna da shiri, kada dai ta sa rai.

Ban taɓa zuwa Toledo ba sai wannan karon, kuma da muka ɓullo ta kan tudu na gan ta zaune a kan dutsenta, kogi ya naɗe ta, gida a kan gida har zuwa tsinin babbar majami'a, sai na ce wa Baldomero ya tsaya. Baba ya ce shi ƙaton abu ja-ja yake gani, kamar burodin da ya gasu sosai, amma ko a haka ya san ba ƙananan mutane suka yi shi ba. Cikin gari kuwa lungunan sun fi namu matsi, Baldomero ya naɗe madubin mota yana kiran sunayen waliyyai. Muka shiga tsohon wurin ibadar Yahudawan nan fari fat, wanda aka ce maginan Musulmi suka gina, daga baya ya zama coci. Baba ya shafa ginshiƙai yana gyaɗa kai, ya ce hannun nan ya san shi, 'yan'uwan na gida ne. A waje kuma, duk bangon da muka wuce sai ya sa farce ya sosa tsakanin bulo da bulo, ya murza a yatsa, har ya ɗanɗana a harshe. "Farar ƙasa da yashi! Kin gani? Ga garin sarakuna guda, da kwaɓi ya tsaya. Sai ƙauyen uwarki ne Allah ya keɓe?" Wata mata ta tsaya tana kallonsa yana lasar bango, na ce mata ta yi haƙuri, gado ne.

Da gari ya waye, a babbar majami'a ne wasan ya ƙare. Yaya, ban san yadda zan kwatanta maka tsayin wurin nan ba. Ginshiƙan suna tashi kamar ba za su tsaya ba, muryar mutum tana ƙanƙancewa da kanta. A bayan bagadi akwai inda wani magini ya huda rufin, ya buɗe taga can sama, haske yana zubowa a kan siffofin mala'iku na farin dutse har ka rantse motsi suke yi. Na tsayar da Baba a ƙarƙashin wurin na ce ya ɗaga kai. Ya ɗaga ya daɗe, ya ce fari kawai yake gani, in gaya masa sauran. Na fara kwatanta masa mala'ikun. Shi kuwa ba mala'ikun ne suka dame shi ba. Cewa ya yi, mutum ya huda rufi mai wannan nauyi, rufin bai faɗo masa a ka ba, wannan wane irin ƙarfin hali ne, kuma wa ya koya masa? Ya nemi benci ya zauna. Ya ce jiya da muka iso yana ganin tsinin hasumiya daga ƙofar masauki, yau da safe ya neme shi ya rasa. Ya ce, "Abin nan ba tafiya yake ba, gudu yake." Sai ya sa hularsa tun kafin mu fita, abin da bai taɓa yi a coci ba, ya ce mu wuce arewa, ba don komai ba sai don ya je ya ƙaryata uwata, ko a kabari ta ji.

Washegari da hantsi muka tsallake duwatsu muka gangara Segovia. Iskar can ko a watan Yuni tana da haƙori, na fito da rigar sanyinsa, ya tambaye ni yaushe na sa ta a jaka, na ce ita ta biyo mu. Inna Henar tana jiranmu a inda ake ajiye motoci, ta ƙanƙance ta zama 'yar mitsitsiya, jakar saƙarta a hannu kamar yadda ka san ta. Baldomero ya buɗe wa Baba ƙofa, Baba ya juyo da ƙafafunsa waje ya bar su a sama suna lilo, bai sauke ba. Inna ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A'a, ɗan kudu, jirgin ne ya makara haka?" Ya ce, "'Yar aike, ashe kina raye. Yau kuma wane saƙon aka ba ki?" Ta ce yau ba ta da saƙon kowa, masu aiken duk sun kwanta, in zai sauko ya sauko, ita wake ta bari a wuta. Ya sauke ta dama, ya sauke ta hagu, ya miƙe. Inna ta ce to ga shi ƙasa ba ta tsage ba, ta kama hannunsa ta gefe ɗaya, ni ta ɗayan.

Ka san gadar, tare muka yi tsere a ƙarƙashinta muna yara, ina zaton na san ta ni ma. Amma da muka sha kwanar layin ta tsaya a gabanmu, sai na gane ban san ta ba. Yarinya ba ta san nauyi ba, yanzu na sani. Duwatsu ne manya-manya masu ruwan toka, kowanne ya kai akwatin kayan Mama, an ɗora wani a kan wani sun tashi sama, sun lanƙwasa sun zama baka, a kan bakan wasu ƙafafun suka sake tashi suka sake lanƙwasawa, haka ta ratsa filin ta haura tudu ta shige cikin gari. Ta cikin kowane baka sararin sama ne shuɗi. Tsattsewa kuwa ba iyaka, suna ta kuka suna shiga suna fita a jikin duwatsun. Mutane suna shan kofi a gindinta, wata tana tura keken jariri, ko ɗaga kai ba sa yi, kamar yadda mu ma muke yi wa namu. Baba ya tsaya cak. Ya ce yana ganin ƙafafu baƙaƙe suna hawa su ɓace a cikin haske, ina ƙarshensu? Na ɗaga hannunsa na nuna masa, na ƙara ɗagawa, na ƙara, har hularsa ta faɗi ta baya. Ya ce, "Uwar Allah," a hankali, bai kuma nemi hular ba.

Sai ya saki hannuwanmu ya nufi ƙafar da ta fi kusa, yana lalube da sanda. Ya dafa dutsen da tafi biyu kamar mai gaida doki. Ya nemo layin da dutse ya haɗu da dutse, ya sa farce ya ja. Ya murza yatsunsa, ya kai harshe. Ya matsa wani layin ya sake, ya durƙusa ya gwada na ƙasa, ya miƙe ya gwada iyakar inda hannunsa ya kai. Ya bar wannan ƙafar ya koma ta gaba, muna biye da shi kamar masu rakiyar amarya. Ya ce ruwan sama ne ya wanke na baki-baki, dole a ciki yake. A wani wuri da gefen dutsen ya cinye ya zura yatsunsa har suka shige, ya fito da su, babu komai sai ƙura. Ya juyo ya ce wa Inna Henar ta ba shi tsinken saƙarta. Ta ce wannan tsinken na yayarta ne, ya karya shi ta karya masa kai. Da ya ji na Mama ne sai ya karɓe shi da hannu biyu.

Yana cikin neman inda zai zura shi sai ga wata 'yar sanda, yarinya ce ba ta fi Estrella da yawa ba, ta ce cikin ladabi, Kaka, ba a sa komai a jikin gadar nan, doka ce. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Inna ta riga ni. Ta ce, "Bar shi, 'yata, mijin yayata ne. Tun kafin a haifi uwarki yake kan hanyar zuwa nan, yau ya iso." Yarinyar ta dubi idanun Baba, ta dubi tsinken, ta ce sau ɗaya, a hankali, ita kuma za ta duba wancan gefen ko an ajiye mota ba daidai ba. Baba ya zura tsinken a tsakanin duwatsu biyu, yana tafiya, yana tafiya, har ya kusa ƙurewa bai gamu da komai ba. Ya zaro shi ya shafa tsawonsa da yatsa. Tas yake, sai ɗan gashin tsuntsu da ya maƙale a bakinsa.

Daga nan ya daina neman kwaɓi, ya koma shafa dutsen kawai. Yatsunsa suka faɗa cikin 'yan ramukan nan da ke gefen duwatsun. Inna ta ce ai sawun yatsun shaiɗan ne, haka kakanninsu suka ce, shi ya gina ta. Baba ya ce shaiɗan na lafiya, nan ne awartaki ya kama dutsen aka ɗaga shi, mutane ne irinsa, masu ciwon baya da tsagaggen hannu. Ya yi ta magana shi kaɗai, ƙasa-ƙasa. Wai kowane dutse an sassaƙa shi ne don na kusa da shi, nauyin da ya kamata ya rushe su shi ne yake riƙe da su, kuma wanda ya ɗora dutsen tsakiyar baka can sama ya cire katakon da ke tallafe da shi, ya tsaya a ƙasa yana kallo, wannan mutumin ya san abin da shi Acisclo bai taɓa sani ba. Sai ya gyara tsayuwa, ya juya gefen hagunsa, gefen da Mama take tafiya in sun fita, ya ce da ƙarfi yadda yake yi a tebur, "Fuencisla, ke ce da gaskiya. Babu komai a ciki." Ya tsaya yana jira, wallahi Yaya jira yake a yi masa dariya a ƙara masa miya. Babu kowa a wurin sai iska da kukan tsattsewa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Na kawo maganar, mai karɓa ba ta nan." Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko a jana'iza ka san bai yi ba. Ya jingina goshinsa da dutsen ya yi mai isarsa, mu uku muna tsaye mun kare shi daga idon mutane.

A gidan Inna muka ci wake da gasasshen ɗan rago, a teburin da aka hana shi zama a kai. Ta zaunar da shi a kujerar Kaka Frutos, ya ce ba ya so, ta ce ita ce kaɗai ba ta girgiɗi. Suna cikin ci ta gaya masa abin da ko Mama ba ta sani ba. Wai a shekarunsa na ƙarshe, duk ranar da za mu zo hutu, Kaka yakan sa kwat ya je tasha tun da wuri, in muka sauko sai ya yi ta leƙen bayanmu. A hanyar gida ya ja Inna gefe ya ce, maginin nan bai zo ba? Ta ce masa to ka aika masa mana, ya ce shi ne babba, ba shi zai fara ba. Baba ya ajiye cokali. Ya ce da ya sani ko da kati ɗaya aka aiko masa da ya zo da gudu. Inna ta ce shi ma tsohon abin da ya ce ke nan, da maginin ya zo ko sau ɗaya da ya tare shi a ƙofa. Ta ce, "Ku maza, Allah ya shirye ku. Kowa ya zauna yana gadin bakinsa, yayata ce ta yi ta jigila a jirgi." Baldomero ma da ba ruwansa ya sunkuyar da kai.

Kafin mu tafi ya ce a mayar da shi gindin gadar. Rana ta yi sanyi, duwatsun sun koma ruwan zuma, inuwar bakunan ta kwanta doguwa a filin. Ya zauna a kan matakala yana kallo har na ce mu tashi hanya da nisa. Ya ce in ƙyale shi, ajiya yake yi, wadda zai riƙa ɗaukowa in duhu ya zo. A mota ya jingina ya rufe ido har muka wuce Madrid. Ina zaton barci yake, sai na ji ya ce, "Eulogio ya yi furfura?" Na ce ya fara, ta gefe-gefe. Ya ce gemu fa, yana nan da wannan gemun na banza? Na ce yana nan. Na ciro hotonka a waya na ba shi, ya kai shi dab da ido ya juya shi ya sake juyawa, ya miƙo mini ya ce ƙyalli kawai yake gani.

Yaya, ban manta ba. Ina nan ranar da ka ajiye cokalin gini ka ce ba za ka mutu da tsagaggen hannu ba, shi kuma ya ce in ka fita kada ka dawo. Ina nan da ka zo jana'izar Mama ka sauka a otal, kuka tsaya gefe biyu na kabari kamar baƙi. Ba zan ce maka wane ne da gaskiya ba, na gaji da jigila tsakaninku, kuma ni ba ni da haƙurin Mama. Jiya da ya ji ina neman takarda da biro ya tambaye ni wa zan rubuta wa, na gaya masa. Na ce ko yana da saƙo. Ya yi ta juya hularsa a gwiwa, can ya ce, "Ki ce masa na je Segovia." Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, zai gane. Kai ka san mutumin da ya haife mu, ka san abin da wannan 'yar maganar ta ci masa, kuma ka san ba zai iya fin haka ba.

Don haka ina roƙonka, ka zo kafin a fara tsinkar zaitun. Kada ka ce sai Kirsimeti, a Kirsimeti da hannu zai gan ka. Ka zo da gemunka yadda yake, ya samu abin zagi. Tun da muka dawo ya sa Baldomero ya fito masa da bokiti da buroshi, ya shafe tsohon ɗakinka da farar ƙasa shi da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya ce wai don ɗakin ya yi datti ne kawai. Ya tsallake wurare da dama, akwai wani babban tabo a saman taga da bai gani ba, shi da a da ko tsinin allura ba ya wuce masa. Na ce masa ya yi kyau, ban kuma gyara ba. In ka zo kai ma kada ka nuna masa.

Ka gaida mini Nélida da kyau, ka ce mata na gode da maganin gwiwar da ta aiko wa Baldomero, yana shafawa yana ƙorafi. Ka sumbaci Lisandro da Amparo, ka ce musu kakansu yana tambayar tsayinsu. Baldomero da Estrella suna gaishe ku. Inna Henar ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ita ta gama aike a rayuwarta, wannan ne na ƙarshe. Allah ya tsare ku, ya kawo ka lafiya idonsa yana buɗe.

Taka har kullum,
ƙanwarka Araceli.